Katin da Aka Gasa a Tukunyar Kek

Ranar Laraba ce, rana ta sunkuya a kan rufin gidajen unguwar Trikania, hayaƙin girki ya kwanta tsakanin katangu, kuma babu abin da ke damun gidan Nicholas a duniya sai monita guda, wato gilashin kwamfuta, da ta ƙi kawo hoto.

Nicholas mai ɗaukar bidiyo ne. Yana zuwa biki, yana zuwa suna, amma jana'iza ce ke riƙe da gidansa, domin mutanen kudancin Kaduna ba sa binne dattijo a ɓoye. Shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya ji adadin shekarun nan. Da ya samu sabuwar kyamara, tsohuwar kwamfutarsa ta fara nishi, hoto yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon gwiwa. Ga shi an ba shi aikin jana'izar wani tsohon hedimasta, iyalin suna so a nuna a coci ranar Lahadi, wajen sujadar godiya.

Sai ya tafi Sabon Tasha wurin Cyril mai gyaran kwamfuta, ya sayo katin hoto na gwanjo. Wani faffaɗan allo ne mai fanka biyu, ana soke shi a cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ido zai gani a monita. Cyril ya sauko da shi daga can saman kanta inda ya yi shekaru ba wanda ya taɓa shi, ya gwada a gaban Nicholas, hoto ya fito tas. Washegari Cyril ya kulle shago ya yi kudu sarin kaya.

Kwamfutar Nicholas tana zaune ne a cikin wani keji na ƙarfe a ƙarƙashin tebur, wanda ya sa aka yi masa walda saboda ɓarayi. Gefen kejin yana buɗewa da kwaɗo, bayansa kuwa yana manne da bango, hannu kaɗai ke shiga, ido ba ya shiga. Ta gefen ya soke katin, ya ɗaure kusa, ya jona masa wayar wutarsa mai haƙora shida, ya danna.

Fitila ta kama. Fankoki suka juya. Monita ta yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan rubutu da ke yawo daga kusurwa zuwa kusurwa yana cewa ba sigina.

Ya cire katin, hoto ya dawo. Ya mayar, hoto ya tafi. Ya kira Cyril, wanda ke cikin mota ana ta hayaniya, Cyril ya fara jero masa abin da zai yi. Ya goge haƙoran zinaren katin da abin goge fensir, ya goge. Ya cire ram, ɗan siririn allon ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya sauya masa gurbi, ya sauya. Ya zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo ya jira minti biyar, ya jira goma. Sannan Cyril ya ce, "Oga Nick, wayar monita fa? Ka duba inda ta shiga?"

Nicholas ya zura hannu bayan kejin, ya lalubo wayar, ya ji ta daram a inda take tun shekara bakwai. Ya ce wa Cyril ba irinsa ake yi wa wannan tambaya ba, shi da ya fara taɓa kwamfuta tun Cyril yana firamare. Cyril ya buɗe baki zai ƙara magana, layi ya yanke, Nicholas kuwa bai sake kira ba. Ya riga ya yanke hukunci: katin ya mutu a hanya, a cikin keke, tsakanin Sabon Tasha da gida.

A wayarsa ya ga wani Bature yana gasa mataccen kati a oben, tandar gashi ta zamani, na minti takwas, wai zafi yana narkar da dalmar da ta tsage ta sake haɗewa. Gidan Nicholas babu oben. Amma akwai tukunyar Rhoda.

Rhoda matarsa kek take yi na sayarwa. Tana da babbar tukunya mai yashin kogi a gindinta, a kan murhun gawayi a bayan gida, kuma tana da wata al'ada da ta gada wurin kakarta a ƙauye: ba ta rufe tukunya mai zafi, ba ta zubar da tafasasshen ruwa ko toka mai rai, sai ta ce a hankali, "A kauce, ga zafi." Nicholas ya daɗe yana yi mata dariya a kan wannan. Yakan ce bai taɓa ganin 'yar zumuntar matan coci mai sallama da iska ba sai ita. Ita kuwa takan ce ba ya cin mata komai.

A wannan yammacin Rhoda tana coci wurin koyon waƙa. Yashin tukunyar bai huce ba tun gashin rana. Nicholas ya kwance fankokin katin da robobinsa, ya dunƙula foyil, takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, guda huɗu ya ɗora allon a kai, ya fifita gawayin har ya yi ja. 'Yarsu Hadassah, mai shekara goma sha bakwai, tana zaune a bakin ƙofar kicin da littafi a cinya, tana shirin jarrabawar shiga makarantar nas. Ta ɗago kai lokacin da ya ɗauki murfi.

"Baba, Mama takan ce a kauce."

Ya ce mata idan akwai wanda ke zaune a cikin kati, to ya fito ya gyara hoton. Ya rufe tukunyar, ya duba agogo.

Unguwar ta yi irin shirun nan na faɗuwar rana, lokacin da kaji suka hau, janareto bai tashi ba tukuna. A minti na shida wani ɗan sauti ya fito daga cikin tukunyar, siriri, kamar kukan jaririyar mage a cikin rijiya. Nicholas ya ce roba ce da ya manta bai cire ba. Sautin ya yi tsawo, ya yanke. Sai ya ji littafi ya faɗi a ƙasa.

"Baba," in ji Hadassah, "dare ya yi ne?"

Sama kuwa ja take jawur, har ana iya ƙirga tsuntsayen da ke wucewa zuwa kogi.

Da safe suka kai ta wurin likitan ido. Ya haska, ya ɗiga magani, ya sa ta kafa haɓa a kan na'ura, ya daɗe yana leƙe. Ya ce bai ga ciwo ba. Ƙwayar idon tana tsukewa da haske, jijiya lafiya, komai yana aiki, hoton ne kawai ba ya isa inda ya kamata. Nicholas ya ji maganar nan ta sauka masa har tafin ƙafa, domin ya san wata na'ura a gidansa da za a iya faɗa wa haka. Bai gaya wa Rhoda zancen tukunya ba. Hadassah ma ba ta faɗa ba, ta zauna a gefen gado da idanu buɗe, tana juya fuska duk inda murya ta fito, littattafanta a jere a kan akwati, jarrabawa saura mako uku.

Da rana ta faɗi ranar Alhamis, aka fara jifa.

Ba dutse mai nauyi ba ne. Tsakuwa ce da yashi, suna sauka a kan kwanon rufi kamar farkon ruwan sama, suna gangarowa tsakar gida. Rhoda ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta yar, ta kai yatsa baki. Zafi gare ta kamar daga wuta. Maƙwabta suka leƙo, suka duba rufinsu, ba ko ƙwaya. A ɗakin aikin Nicholas, fankoki biyun da ya kwance ya ajiye a kan tebur, ba waya ba batir, suka fara juyawa a hankali. Daga bayansu, ko daga ƙarƙashin tebur, ko daga cikin bangon kansa, kukan nan siriri ya dawo. Da duhu ya gama rufewa komai ya tsaya, kamar ma'aikacin da lokacinsa ya cika.

Ranar Juma'a matan zumunta suka zo su goma sha biyu da ɗankwali iri ɗaya. Mata ne masu bangaskiya, ba wanda zai musa. Suka kewaye Hadassah, suka ɗauki waƙa. A baiti na biyu yashi mai ɗumi ya fara zubowa daga silin, silin da ba shi da ko huda, yana taruwa a kan ɗankwalinsu. Suka ƙarasa waƙar, domin ba a barin waƙa a tsakiya, amma ba a taɓa jin an yi baiti na uku da irin wannan saurin ba. Daga nan kowace ta tuna ta bar wani abu a wuta.

Bayan sun tafi Rhoda ta je wanke tukunyarta, ta tarar da dunƙulen foyil huɗu a cikin yashi. Ta kawo su ta ajiye a gaban mijinta. Ya faɗa mata duk abin da ya yi. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko ya ce a kauce. Ya ce bai faɗa ba. Washegari ta hau keke zuwa unguwar Nasarawa, ta dawo da Dattijo Timothy.

Tsoho ne siriri mai gilashi ɗaure da zare. Ya yi aikin wuta a masaƙa har aka rufe ta, ya yi gyaran talabijin har talabijin ta daina gyaruwa, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa yana kansa kamar sunayen 'ya'yansa. An san shi da korar abin da ba a gani, kuma an san ba ya ihu. Yakan ce da talabijin da mai iska duk hanyarsu ɗaya: ka fara daga soket ɗin bango, ka bi waya, kada ka tsallake komai.

Ya sa Nicholas ya faɗa masa duk abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan tambayar Cyril, tsohon ya tsayar da shi, ya ce da me ya duba wayar. Nicholas ya ce da hannu. Dattijo Timothy ya nemi sifana, ya sa aka kwance kejin daga bango, aka jawo kwamfutar tsakiyar ɗaki a karon farko cikin shekara bakwai. Ya haska bayanta da tocila, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a mayar wa katin fankokinsa, a soke shi a gurbinsa, kada a taɓa komai kuma, a kawo yarinyar.

Suka zaunar da ita a tabarma. Rana tana faɗuwa. Tsakuwar farko ta buga rufi, tsohon ya buɗe Littafi yana karantawa da muryar da ba ta fi ta mai ƙirga allurai ba. Hadassah ta miƙe zaune, bayanta ya lanƙwashe kamar na tsohuwa, idanunta da suka kwana uku suna yawo suka tsaya cak a kan ubanta.

"Ke wace ce?" in ji Dattijo Timothy.

Muryar da ta amsa ba ta Hadassah ba ce. Busasshiya ce, mai gajiya. "Mai haya."

Ta ba da labarinta ba tare da an matsa mata ba, kamar wadda ta daɗe tana neman mai ji. Da can a wata tsamiya take, aka sare aka gina shaguna. Ta koma cikin injin masaƙa da aka daina kunnawa, aka yanka shi aka auna a kilo. Ta yi yawo da goyo a bayanta har ta samu wannan katin a saman kantar Cyril, busasshe, ba ɗigo, ba mai taɓawa. Da aka kawo shi Trikania ba ta yi fushi ba, ta ce ko ba komai gida ne mai addu'a, kuma matar gidan tana da ladabi, tana faɗakarwa kafin ta zuba zafi. Ranar Laraba da faɗuwar rana ta fita neman abinci kamar yadda irinsu ke yi, ta bar 'yarta tana barci.

"Da ka ce a kauce, da na ji ko ina bakin kogi," ta ce wa Nicholas. "Yarinyarka ta tuna maka. Na dawo na tarar da idon tawa ya narke. Sai na ɗauki na kusa."

Rhoda ta toshe baki da ɗankwali. Nicholas ya ce shi bai sani ba, katin ne ya mutu, gyara yake nema.

Bakin Hadassah ya yi wata dariya mara sauti. "Tsoho, gaya masa."

Dattijo Timothy ya juyo da bayan kwamfutar, ya nuna da tsinin sifana. Ga wayar monita a tsohon raminta na sama, na jikin babban allon kwamfutar, wanda ke rufe bakinsa da zarar an soke kati. Ga ramuka uku a ƙasa, na jikin katin, har da 'yan murafansu na roba ba a cire ba. Tsakanin inda wayar take da inda ya kamata ta shiga bai kai tsawon yatsa ba.

"Lafiyarsa ƙalau ka gasa shi, ɗana," in ji tsohon.

Yashi yana ta zuba a kan rufi.

Sai tsohon ya rufe Littafin, ya ɗora hannu a kan yarinyar, ya umarci abin da ke cikinta da ya fita cikin sunan Yesu Almasihu. Jikin ya kama karkarwa, haƙora suka datse, muryar ta fito a shaƙe. Ta ce sunan ya fi ƙarfinta, ba ta musu, fita za ta yi. Amma ganin yarinyar ta riga ta dasa wa 'yarta, ya kama. Idan aka fizge da ƙarfi zai yage a tsakiya, ba mai amfana da shi. Sai dai ta cire da hannunta, kuma ba za ta mayar da 'yarta duhu a banza ba.

Dattijo Timothy ya ce ba ya son ciniki da irinta, kuma yarinyar nan ita kaɗai ce ta buɗe baki ranar, bai kamata ita ta biya ba. Muryar ta ce ta sani, abin yana damunta ita ma, amma uwa ce.

"Ɗauki nawa," in ji Nicholas.

Idanun suka auna shi sama da ƙasa. "Idon da ya kasa leƙa bayan kwamfuta? Me 'yata za ta gani da shi?" Ta ƙare wa idonsa kallo kamar mai latsa tumatir a kasuwa. Sannan ta ce akwai wuri ɗaya mai kyau a ciki. Shekara goma sha biyar duk ƙarfin idonsa a kan gilashi ya zuba shi, wannan ɓangaren ya goge, yana da kaifi. Shi za ta yanka. Zai ga hanya, zai ga tuwo, zai ga fuskar matarsa. Amma duk gilashin da ke kawo hoto, monita ko talabijin ko waya ko na bayan kyamara, baƙi zai gan shi har ya mutu.

Tsohon ya juyo ya tambaye shi ko ya gane abin da ake cewa, sana'arsa ce gaba ɗaya. Nicholas ya tuna littattafan Hadassah da ke jere a kan akwati. Ya ce ya gane.

Dattijo Timothy ya kafa nasa sharaɗin: ta bar gidan a yau, kada ta waiwayo, kada ta taɓa wani nasu. Ta ce ta tafi ina, garin nan duk an rufe shi da siminti. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce akwai wata tsohuwar talabijin mai ƙugu a ɗakin ajiyarsa a Nasarawa, mai ita ya rasu bai zo karɓa ba, ba wanda zai kunna ta. Ta tambaya ko rufin yana ɗigo. Ya ce ba ya yi.

Hadassah ta yi atishawa sau uku, ta zube a jikin uwarta. Yashin ya tsaya. A cikin shirun aka ji janareton maƙwabta ya tashi, wata mata tana kiran ɗanta ya shigo gida.

Tsohon ya cire ɗan murfin roba ɗaya, ya zare wayar daga sama ya soke ta a ƙasa, ya danna. Fitila ta kama, fankoki suka juya. Haske shuɗi ya faɗo a kan bango, a kan gilashin tsohon, a kan fuskar Hadassah, wadda ta ɗago kai ta runtse ido ta ce hasken ya yi mata yawa. Rhoda ta fashe da kuka.

Nicholas yana tsaye a gaban monita, hasken yana kan rigarsa. Ya matsa kusa. Ya goge gilashin da tafin hannu.

"Ya kawo?"

Hadassah ce ta ce, "Ya kawo, Baba."

A daren wannan Asabar ɗin ita ta zauna a kujerarsa, shi a gefe da ido rufe, yana gane wuraren da kunne: nan an fito da akwatin gawa, yanke, nan matar marigayin ta faɗi, kada ki bari ya daɗe. Ranar Lahadi aka nuna a coci, mutane suka yi kuka a inda ya kamata. Ya zauna a bencin baya yana kallon baƙin allo, sau biyu yana tambayar Rhoda a kunne ko kalar ta fito daidai.

Hadassah ta ci jarrabawarta. An sayar da kyamarar. Cyril ya dawo daga kudu, ya ji labari, ya zo har gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin shagonsa, ya rasa ta inda zai fara. Katin kuwa yana nan yana aiki, bai taɓa ko tari ba, kamar gashin ma ya ƙara masa lafiya.

Yanzu Nicholas ne ke hura wa Rhoda gawayi, kuma an ce hannunsa ya fi nata sanin zafin yashi. Masu matacciyar kwamfuta suna zuwa neman shawararsa har yau. Ba ya barin su gama bayani. Yakan ce su koma gida, su ja tebur daga bango, su durƙusa, su duba da ido. Da yamma kuma, idan rana ta sunkuya, maƙwabta sukan ji muryarsa ta katanga kafin murfi ya sauka a kan tukunya. Rhoda a hankali take faɗa. Shi da ƙarfi yake faɗa, sau biyu, sannan ya tsaya riƙe da murfin, yana jira.